Hannun dama ne ko na hagu?

Laraba, da dare.

Aikin yau duk a kan gwajin tantance dama da hagu ya ƙare. Ana nuna wa mutum hoton wani da ya miƙa hannu ɗaya, a ce ya faɗi wanne ne. Hoton kan zo a tsaye ko a karkace, digiri 0, 60, 120, 180, 240 ko 300, wani ya fuskanto mai kallo, wani ya ba shi baya. Ana rubuta lokacin da ya ɗauka kafin ya danna maɓalli, da yawan kuskurensa.

Asalin abin binciken masana biyu, Shepard da Metzler, ne na 1971, da siffofin tubala: gwargwadon karkatar siffa, gwargwadon jinkirin amsa. Sai dai jiki ba tubali ba ne. Wani masani, Parsons, ya nuna a 1987 cewa mai kallo jikin kansa yake juyawa a zuci har ya dace da hoton. Shi ya sa wanda ya ba da baya ya fi sauƙi, domin damarsa damarka ce. Wanda ya fuskanto ka kuwa, sai ka kewaya a ranka ka tsaya inda yake.

Hoton hannu kaɗai ya fi tona wannan asiri. Idan yatsu sun karkata zuwa tsakiyar jiki, amsa takan zo da wuri. Idan sun karkata waje, inda wuyan hannu ba ya son zuwa, sai a yi jinkiri, alhali kusurwar ɗaya ce. A nan na fi daɗewa yau, don kuskuren lissafi a nan yake ɓuya: wanda ya haɗa sakamakon digiri 60 da na 300 wai duk nisa ɗaya ne daga tsaye, ya shafe bambancin da ya fito nema. Dole a raba su, hannun dama daban, na hagu daban.

Zaman mai amsa ma yana shiga cikin sakamako. Ya maƙale hannuwa a bayansa, amsar hoton hannu ta ƙara jinkiri. Don haka a ɗora su kan cinya, tafi a kife, a rufe da ƙyalle kada ya riƙa leƙawa yana kwatantawa, a karɓi amsa da baki ko da maɓallin ƙafa. Haɓa kuma a kan matokari, in ba haka ba zai karkata kai ya rage kusurwar da kansa.

Tambayar ma a kula da ita. "Hotunan nan biyu iri ɗaya ne?" takan sa a juya hoton kamar kaya. "Wane hannu ne?" takan sa mutum ya juya jikin kansa a zuci. Gwaji biyu ne mabambanta, ko da hotunan ba su canja ba.

Akwai kuma masu wayo: sun gane cewa in hoto ya fuskanto su, sai kawai su faɗi kishiyar gefen da suka gani. Maganinsu a cakuɗa hotunan gaba da na baya, a tambaye su dabararsu bayan an gama. Gobe zan sake jera hotunan.