Makin takardun ƙididdiga

Na kwana biyu ina fama da makin takardun 'yan aji uku na babbar sakandare, ɓangaren ƙididdiga, kuma abu ɗaya ya tsaya min a rai.

Na ba su ribar 'yan tireda biyar a Kasuwar Barci, misali ne kawai na ƙirƙira: dubu 2, 3, 3, 4 da 88. Kusan kowa ya fitar da matsakaici, wato a tara ribar a raba gida biyar, dubu 20, babu kuskure. Da na tambaya ko wannan adadi ya nuna halin da mutanen nan suke ciki, sai takardu suka yi tsit. Wata yarinya ce ta rubuta cewa huɗu daga cikinsu ko dubu 5 ba su samu ba, mutum ɗaya ne ya ja lissafin sama, don haka lambar tsakiya, wato dubu 3, ta fi faɗin gaskiya. Wallahi har na ajiye jan biro don daɗi.

Ko a jarrabawar WAEC makin hanyar da aka bi wajen lissafi daban yake da makin amsa. Malamai 'yan'uwana, kalkuleta tana ba su lamba, amma bayanin lambar sai mun zauna da su. Zango mai zuwa kowace tambaya tawa sai an rubuta dalili.