Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hannun Dama

Makon jiya na tsaya a isowata Berlin, amma ku yi haƙuri, sai na koma kan Kawu tukuna. Ina da shekara 11 ya tarar da littafin zanena ƙarƙashin tabarmar zaure. Bai buge ni ba. Ya shiga cikin gida ya cusa shi a murhun Inna, ya ce, "Hannun da ba ya noma, ba ya rubutun allo, gara babu shi." Shafin da na zana Inna tana tankaɗe ne wuta ta fara ci.

Wata Lahadi sanyi ya koro ni cikin gidan zane-zane na Neue Nationalgalerie. Nan na ci karo da zanen dandalin Potsdamer Platz da wani mai zane ɗan Jamus, Ernst Ludwig Kirchner, ya yi a 1914. Mata biyu tsaye a tsakiyar titi, ɗaya fuskarta koriya, sanye da baƙaƙen kayan takaba, maza na tako ƙafafu kamar almakashi. Na kasa gaba na kasa baya.

Daga nan na shiga bin labarinsa. Tsara gine-gine ya karanta a Dresden, ya karɓi takardarsa a 1905, a shekarar kuma shi da abokansa uku suka kafa ƙungiyar masu zane mai suna Die Brücke, wato Gada. A 1915 aikin soja ya birkita masa lafiya aka sallame shi. Sai ya zana kansa cikin kaki, sigari a baki, hannun dama yankakke, dungulmi da jini. Alhali hannunsa lafiya lau yake! A littafi na ga wannan, wallahi muryar Kawu na ji: gara babu shi.

A 1937 'yan Nazi suka kwashe ayyukansa fiye da 600 daga gidajen tarihin Jamus, suka ce zanen lalatattu ne. A 1938, kusa da Davos a Suwizalan, ya ɗauke ransa da kansa. Wannan kam ban bi shi ba, amma zafin na san shi.

Har Kawu ya rasu bai taɓa tambayata da me nake ciyar da gidansa ba, Allah Ya jiƙansa. Inna kuwa, bayan sadakar bakwai ɗinta, Yaya Babba ta buɗe kwallarta ta tarar da rabin takarda, gefenta ƙonanne, an naɗe cikin tsohon ɗankwali. Hannun Inna ne da rariya suka saura.