Wa ke ɗaukar alhakin zunubi? Abin da na koya a aji da wurin aiki

A makarantar Littafi Mai Tsarki da na yi a ƙasar Zuru, babu darasin da ya tayar da ƙura a ajinmu kamar gardamar Felajiyus da Agustin. Felajiyus ɗan Birtaniya ne da ya zauna a Roma wajen shekara ta 400. Ya ga Kiristocin birnin suna sheƙe ayarsu suna fakewa da raunin jiki, abin ya ci masa rai. Sai ya ce Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba, don haka duk wanda ya ƙudura zai iya rayuwa ba zunubi. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ce sam: faɗuwar Adamu ta taɓa nufin mutum tun daga saiwa, ko marmarin nagarta ma sai alherin Allah ya riga shi. A shekara ta 418 majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a birnin Kartaj ta yi watsi da koyarwar Felajiyus.

Wani ɗan ajinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in dai ba zan iya ba, don me za a hukunta ni?" Malam ya sa muka karanta Romawa 7 da Ezekiyel 18 a jere. A can Bulus na kukan cewa nagartar da yake so ba ita yake yi ba. A nan kuwa Allah ya hana Isra'ilawa karin maganarsu ta iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya sun mutu. Ya ce wanda ya yi zunubi shi zai ɗauki nasa. Ni ina tare da Agustin, amma har yau ina ganin damuwar Felajiyus gaskiya ce, domin mutane kan mai da koyarwar alheri mafakar sakaci.

Wurin aikin horo a wata ikilisiyar ƙauye na fi fahimtar abin. Wani matashi da aka damƙa wa rumbun hatsin godiya ya sayar da wani kaso na dawar a ɓoye. Da aka zaunar da shi gaban dattawa, ya sunkuyar da kai ya ce sharrin Shaiɗan ne. Haka Adamu ya tura wa Hawwa'u, ita ta tura wa maciji. Wani dattijo ya ce masa a hankali, "Ɗana, Shaiɗan ya raɗa maka, mun yarda. Amma hannun wa ya buɗe rumbun?" Ya buɗe Yakubu 1:14, inda aka ce sha'awar mutum ce ke jan sa, sannan 1 Korintiyawa 10:13, cewa Allah kan buɗe mafita a kowane gwaji.

Ba wanda ya zage shi, dattijon ma cewa ya yi dukansu da alheri suke tsaye. Sai da yaron ya ce da bakinsa "ni na yi" sannan aka yi masa addu'a, aka kuma yanke cewa zai biya dawar bayan kaka.