Laifin koci ne ko na 'yan wasa? Abin da na gani ina riƙe da ƙungiyar unguwa a Sakkwato

Na yi shekaru ina horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu a cikin garin Sakkwato. Irin ƙungiyoyin nan ne da ba albashi, ba ofis, sai kwamitin manyan unguwa da wani Alhaji mai rufin asiri da ke saya mana jesi da ƙwallaye. Mukan shiga gasar ƙaramar hukuma da kofunan da 'yan kasuwa ko 'yan siyasa ke sakawa, wani lokaci mu fita wasan sada zumunci zuwa Boɗinga ko Gwadabawa ko Tambuwal. Burin kowane yaro a cikinmu shi ne ranar da zai taka filin wasa na Giginya a gaban jama'a, ko wani ya yaba da ƙafarsa ya kai shi gwaji Sokoto United.

Duk wanda ke zama gidan kallon ƙwallo ya san gardamar da ake yi da zarar ƙungiya ta fara shan kashi. Wasu su ce a kori koci, wasu su ce 'yan wasan ne ba su da kishi. Ni ma na sha wannan gardama a kan Arsenal da Manchester United. Sai da abin ya zo kan ƙungiyar da nake tsaye a bakin layinta na gane cewa yawancin masu gardamar sakamako kawai suka gani, ba su ga yadda ƙwallon ta shiga ba, balle abin da ya faru kafin a zo fili.

Akwai kakar da muka shiga wani mummunan hali. Wasa bayan wasa ana cin mu, har ƙungiyoyin da a da muke lallasawa. Kwamiti suka ce yaran sun lalace, sun fi son yawo da waya. Matasan unguwa kuwa, waɗanda ke zagaye fili ranar wasa, ni suka sa a gaba, in na wuce majalisa sai in ji ana cewa koci ya tsufa, dabararsa ta ƙare. Abin da na yi shi ne na sayi ƙaramin littafi na aljihu, na ba wani ƙanena da ke raka mu, na ce duk ƙwallon da aka zura mana ya rubuta minti nawa ne, daga ina ta taso, wa ke kusa da wanda ya ci. Wannan littafi ya fi duk surutun majalisa amfani a gare ni, domin da wasanni suka taru sai abubuwa biyu suka fito fili. Ƙwallaye da yawa daga bugun kwana suke shiga, kuma kusan kullum ta ƙarfen da ke kusa da mai bugun. Sauran kuma a ƙarshen wasa suke shiga, bayan an wuce minti 70.

Maganar kwana tawa ce, ba ta kowa ba. In ɗan baya ya yi tuntuɓe rana ɗaya ƙwallo ta wuce shi, wannan nasa ne, kuma ko shi ba na jin ya cancanci zagi, don babu ɗan wasan da hakan ba ta taɓa samu ba. Amma in ƙwallo iri ɗaya tana shiga ta wuri ɗaya mako bayan mako, to aikin koci ne ya gani ya gyara, don shi aka ɗora wa kallon wasan gaba ɗaya, yaron da ke cikin fili gabansa kawai yake gani. Yadda muke tsaron kwana a lokacin shi ne kowa ya riƙe mutum ɗaya. Abokan karawa sun gano haka, sai su taru a tsakiya su cakuɗe, ɗaya ya zame da gudu zuwa ƙarfen kusa, wanda ke riƙe da shi ya maƙale a cunkoso. Na canza tsarin. Na sa yaro mafi tsawo ya tsaya a gaban ƙarfen kusa, ba ruwansa da bin kowa, ƙwallo kawai zai tara. Na sa wani a bakin layin yadi shida, sauran su riƙe mutane, ɗaya kuma a bakin da'ira don ƙwallon da za ta dawo. Gola shi ke da magana, in ya ce tasa ce kowa ya ba shi wuri. Kullum kafin a tashi atisaye sai mun buga kwana ta dama da ta hagu har a fara kiran magariba. Yaran sun ƙosa da ita, amma ƙwallon ƙarfen kusa ta daina shiga, kuma da yaran nan da aka ce sun lalace aka gyara.

Wannan ne ya sa ba na yarda da masu cewa koci ba ya buga ƙwallo, don haka ba shi da laifi. A watan Satumba na 2016 Arsenal ta ci Chelsea 3-0. Kocin Chelsea, Antonio Conte, ya koma tsarin 'yan baya uku, ƙungiyar ta ci wasa 13 a jere a Firimiya, ta ɗauki kofi a 2017. Yawancin 'yan wasan nan su ne suka ƙare a mataki na 10 a kakar 2015/16. Ƙafafunsu ba su canza ba, inda aka tsayar da kowa ne ya canza.

Ƙwallayen ƙarshen wasa kuwa sun fi ba ni wahala, domin na ƙara gudu a atisaye, na ƙara zagayen fili, abin bai sauya ba. Sai da na zauna da yaran ɗaya bayan ɗaya. Ɗan gabanmu kabu-kabu yake yi, tun bayan asuba yana kan babur har la'asar. Biyu daga 'yan tsakiya leburanci suke a wurin gini, ɗaya yana dako a kasuwa. Wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura 40, ya san abin da ke saura a jikin mutumin da ya wuni yana ɗaukar bulo kafin ya zo fili.

Wata tafiya da muka yi wajen gari ba na mantawa da ita. An ce mota za ta zo da hantsi, ba ta zo ba sai bayan azahar, don kuɗin mai bai fito da wuri ba. Muka cusu a bas ɗaya, mu da jakunkuna da ƙwallaye, wasu a kan cinyar wasu. Muna isa alƙalin wasa na duba agogo, ko ɗumama jiki ba mu samu yi ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci muna kunnen doki, na tara su a gindin wata dogon yaro ina bayani, sai na lura kyaftin ɗinmu ya sunkuyar da kai yana murza cinya. Na ce masa lafiya? Ya ce, "Koci, wallahi tun sahe ban sa komi bakina ba in ba ruwa ba. Kuma ba ni ɗai ba ne." Ledar fiya wata ɗaya ce a hannunmu, ita ma ta yi zafi. A rabi na biyu aka zura mana biyu cikin mintunan ƙarshe. Da muka dawo gida labarin da ya riga mu isa shi ne yaran ba su da zuciya.

Washegari na tafi gidan Alhaji bayan isha'i, na same shi a zaure. Muka gaisa, ya ce, "Malam, yaran ga sun ba mu kunya. Ko dai a nemo wasu?" Na ce, "Ranka shi daɗe, ko an nemo wasu haka za su yi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya." Na buɗe masa littafin, na nuna masa mintunan da ake cin mu, na gaya masa yadda tafiyar ta kasance. Ban roƙi albashi ba, na san ƙungiyar unguwa ba ta da wannan ƙarfi. Abu uku na nema: kuɗin mota su fito tun ana gobe wasa, a dafa wa yaran shinkafa da wake su ci awa uku kafin a take, sannan duk wanda zai bar sana'arsa ranar wasa a ba shi ɗan abin da zai kai gida. Alhaji mutumin kirki ne, bai taɓa sanin haka abin yake ba, don shi a tunaninsa jesi da ƙwallo su ne ƙungiya. Ya amince da biyun farko nan take, na ukun kuma kwamiti suka riƙa haɗa karo-karo.

Tun daga nan nake ganin tambayar koci ko 'yan wasa ta bar mutum na uku a waje, kuma sau da yawa shi ne mai kaso mafi girma: wanda ke riƙe da kuɗi da ikon ɗauka da kora. Tun da koci Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, ƙungiyarsa Manchester United ta gwada David Moyes, Louis van Gaal, Jose Mourinho, Ole Gunnar Solskjaer, Erik ten Hag da Ruben Amorim, ta sayi 'yan wasa masu tsada rututu, kofin Firimiya bai dawo ba. In an canza koci an canza 'yan wasa ciwon yana nan, ai sai a duba wanda ba a canza ba. A nan gida abin ya fi tsanani, domin yawancin manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, shugabanninsu naɗin siyasa ne, kuma labarin 'yan wasa na bin bashin albashi da alawus ba baƙo ba ne ga duk mai bin gasar Najeriya. Kano Pillars da ta ɗauki kofi sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014 ta faɗa ƙaramin rukuni a 2022, kuma a waccan kakar har maki aka zaftare mata saboda tarzomar magoya baya. Wannan makin ba gola ne ya zubar da shi ba, ba koci ba ne.

Akwai kuma katsalandan, wanda duk kocin unguwa ya san shi. Ɗan kwamiti zai ja ka gefe ya ce ɗan ƙanwarsa ya daɗe a benci, a taimaka a sa shi. In ka sa shi ka cire wanda ya fi shi, yaran duka sun gani, kuma daga ranar maganarka ta rage nauyi a wurinsu. Na gaya wa kwamiti a gaban kowa cewa suna da ikon sallamata duk ranar da suka ga dama, amma muddin ina nan, sunayen sha ɗayan farko daga hannuna za su fito. Wanda ya zaɓi 'yan wasa shi ya kamata a tuhuma in an sha kashi, kuma ba adalci ba ne wani ya zaɓa a zagi wani.

Kada a ɗauka na wanke 'yan wasa tas. Suna da nasu, kuma nasu ya fi ciwo domin a ɓoye yake. Ɗan wasa na iya cin amanar koci ba tare da ya furta kalma ɗaya ba: ya rage gudu kaɗan, ya ƙi komowa baya in an ƙwace ƙwallo, ya janye ƙafa a inda ya kamata ya sa ta. Leicester City ta ɗauki Firimiya a 2016 da koci Claudio Ranieri, a Fabrairun 2017 aka kore shi ƙungiyar na dab da faɗuwa, sai ga 'yan wasan nan sun ci wasa biyar a jere a gasar ƙarƙashin mataimakinsa Craig Shakespeare. Ko mene ne ya faru a tsakaninsu, gudun da suka yi a Maris suna da shi a Janairu. Har yau abin na sosa mini rai, domin mutumin da ya kai su inda ba su taɓa mafarki ba shi ya biya.

Na ga irin wannan a ƙaramin filinmu. Muna da wani yaro ɗan gefe, duk unguwa babu mai ƙafar hagunsa. Bayan an gyara maganar mota da abinci, kowa ya dawo da himma sai shi. Atisaye sai ya ga dama, in ya zo kuma kwana da komowa baya ba nasa ba ne, jira yake a ba shi ƙwallo ya yanke mutum biyu a yi masa tafi. Littafin ya nuna cewa ta gefensa ake yawan shigo mana, don ɗan bayan da ke bayansa kullum shi kaɗai ne a gaban mutum biyu. Na kira shi mu biyu na nuna masa. Na sake kiransa a gaban kyaftin. Na je har shagon yayansa na yi magana. Da abin ya ƙi, na ajiye shi a benci a wasan da duk unguwa ta fito kallo, na sa wani yaro da bai kai shi gwaninta ba amma ba ya fashin atisaye. An yi ta ihu daga bayan layi ana kiran sunansa, wani ɗan kwamiti ma ya aiko a gaya mini in sa shi. Ban sa shi ba. Mun tashi 1-1, kuma ba ta gefen hagu aka ci mu ba.

Ya yi fushi ya ɗauke ƙafa na wani lokaci, har aka ce ya koma wata ƙungiya a Mabera. Daga baya yayansa ya kawo shi fili da kansa, ya ce, "Koci, ga ƙanenka nan, ka yi haƙuri." Na ce ba ni ya yi wa laifi ba, ya je ya ba ɗan bayan da ya bari shi kaɗai haƙuri. Ya je ya ba shi hannu. Sharaɗin da na gindaya masa shi ne wanda ke kan kowa: wanda bai zo atisayen mako ba, ba zai fara wasan ƙarshen mako ba. Ya ci gaba da wasa da mu har ya samu gurbin karatu a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari, lokacinsa ya ƙaranta, ya koma zuwa ranar Asabar kawai.