Na ɗauka in ta yi aure yara sun dawo hannuna

Shekara uku da rabuwarmu da uwar 'ya'yana, yaran biyu suna wurinta a Rigasa, ni ina Kawo. Babu takarda, magana ce aka yi a zauren mahaifinta: ta riƙe su, ni in riƙa aika kuɗin abinci da na makaranta. Da na ji an ɗaura mata aure har ta tare, na ce shi ke nan, yara sun dawo gidan ubansu. Har katifa na saya.

Ban nemi kowa ba, na wuce kotun shari'a aka aika sammaci. Alƙali ya gama saurarona, ya ce, "Mahaifiyarta tana raye?" Na ce, "Tana raye, Allah ya gafarta Malam." Ya ce a Malikiyya in uwa ta auri bare, riƙo yana komawa ga kaka ta wajen uwa, muddin ba gida ɗaya suke da 'yar tata ba. Bayan kaka akwai 'yar'uwar uwa, uba yana can baya. Riƙon ɗa namiji har ya balaga ne, na mace har ta yi aure ta tare. Ciyarwa kuwa tana wuyana duk inda suke. Jikina ya yi sanyi.

Ya ba mu mako biyu mu je mu sasanta. Na ɗauki kawuna muka tafi Tudun Wada wurin Hajiya, kakar yaran. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kai da ka aiko mana sammaci, ashe ka san hanyar gidan?" Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, kuskure ne." Da nan na fara zuwa, da ko ƙofar kotu ba mu taka ba.

Muka tsaya a kan haka: ranakun makaranta suna wurinta, Juma'a da yamma in ɗauke su, Lahadi in mayar, dogon hutu a raba biyu. Islamiyyar Asabar ce ta so ta kawo cikas, sai na sa su a ta unguwarmu. Wannan karon komai a rubuce, har ranar biyan kuɗin wata, alƙali ya sa hannu. Rasit kuwa ko na littafi ne ina ajiyewa.

Abin da har yanzu yake cina, ana cikin rigimar na tambayi babbar, 'yar shekara 9, wurin wa ta fi son zama. Ta sunkuyar da kai. Wata guda in na kira waya, ƙaninta take miƙa wa.