Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Muka Tsara Kwamfutar Shagon Kawu

A makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya damƙa mini makullin shagonsa na buga takardu da ke kan titin Bauchi, kusa da Jami'ar Jos. A shekarar 2008 ke nan, damina ta fara zama. Shagon ba shi da girma: kwamfuta biyu masu Windows XP, firinta, injin fotokwafi, sai ɗan janareto a bakin ƙofa saboda ɗaukewar wuta. Galibin masu kawo mana aiki ɗalibai ne, amma akwai 'yan kasuwar da suka bazu a titunan Taminus tun bayan gobarar babbar kasuwa a 2002, masu son rasit da takardar haya, akwai masu katin aure, akwai kuma masu yarjejeniyar cinikin fili ko gida.

Wanda na gada a kujerar ya tafi hidimar ƙasa. Gwani ne wajen taifin, kuma duk abin da ke cikin kwamfutar a kansa yake. Ko ina ya ajiye aiki ya sani. Matsalar ita ce shi kaɗai ya sani. Ranar da na kunna babbar kwamfutar, fuskarta cike take da fayiloli har ba a ganin hoton da ke baya, kamar kasuwar Farin Gada ranar da motocin tumatir suka sauka. Ga Doc1, ga Doc2, ga New Folder a cikin wani New Folder, ga "aiki", ga "aiki sabo", ga "na ƙarshe". Ɗalibi zai zo ya ce a fito masa da babi na uku, sai in yi ta buɗewa ina rufewa, shi yana tsaye a kaina yana duba agogo.

Kawu bai taɓa buga ko harafi ɗaya a kwamfuta ba. Amma ya yi shekara 35 a ofishin rajista na wata ma'aikatar jiha kafin ya yi ritaya, fayil na takarda kuwa babu irin wanda bai ratsa hannunsa ba. Wata Asabar ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya gyara tabarau, ya ce in nuna masa inda takardun mutane suke kwana. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba.

"To, idan gobe ka kwanta zazzaɓi, wa zai nemo wa mutum takardarsa?"

Na ce, "Kawu, ai kwamfuta tana da wurin bincike. Ka rubuta kalma, ta nemo maka."

"Wace kalma za ka rubuta, alhali sunan takardar Doc2?"

Daga nan muka fara. Shi ne ya kawo tsarin, ni kuma na san abin da injin zai karɓa da wanda ba zai karɓa ba. Muka buɗe folda guda ɗaya babba, muka sa mata suna SHAGO. A cikinta muka raba aiki gida biyar: Dalibai, Kasuwa, Yarjejeniya, Katuna, Wasiku. Kowane gida yana da foldar shekara, kowace shekara tana da na wata. Da na rubuta sunayen watanni, sai kwamfutar ta jera su bisa haruffa, Afrilu da Agusta suka hau sama, Janairu ya faɗo tsakiya. Kawu ya ce a rajista lamba ce ke gaba, suna ya biyo baya. Muka mayar da su 01 Janairu, 02 Fabrairu, har zuwa 12 Disamba, kowa ya koma gurbinsa.

Sunan fayil shi ya fi cin mana lokaci, kuma har gobe ina ganin nan ne ƙashin bayan abin. Kawu ya dage sai suna ya faɗi abu uku: yaushe, na wa, mene ne. Ya so a rubuta kwanan wata yadda ya saba, 14/08/2008, sai Windows ta ƙi. Akwai alamomi tara da ba ta yarda a sa su a sunan fayil, wannan karkatacciyar sandar tana ciki, haka ɗigo biyu da alamar tambaya da tauraro. Muka koma ga 2008-08-14, shekara a gaba, sai wata, sai rana. A haka, da zarar ka ce a jera bisa suna, takardun sun jeru bisa lokaci da kansu. Bayan kwanan wata sai sunan mai aiki, sai irin takardar. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, muka bar su a cikin rubutu kawai, ba ma sa su a sunan fayil, domin wanda zai nema wata rana zai danna k ne ko d, kuma binciken ba lalle ya haɗa masa su ba.

Ɗalibai muka yi musu nasu daban. Kowa da foldarsa, da sunansa da lambarsa ta jami'a. Ba ma sa taken furojet, wato kundin binciken da ɗalibi ke rubutawa kafin ya kammala karatu, a matsayin suna, don taken nasu layi biyu ne ko uku, alhali Windows tana da iyaka: adireshin fayil gaba ɗaya, daga harafin da ke farkonsa, kamar C ko D, zuwa ƙarshen suna, idan ya doshi haruffa 260 sai kwafa ta fara gardama. Shi ya sa ma ba ma zurfafa folda cikin folda fiye da kima. Kuma duk ranar da ɗalibi ya dawo da jan biron malaminsa, ba ma taɓa tsohon babin. Sai mu adana shi da sabon suna, babi3 gyara1, babi3 gyara2, sannan mu yi gyaran a kan sabon. Malamai sukan ce a cire sakin layi yau, bayan mako biyu su ce a dawo da shi. Ɗaliban da suka ga an dawo musu da shi cikin minti ɗaya su ne suka riƙa jawo mana abokansu.

Akwai inda ni na koya wa Kawu. Abin da ke kan fuskar kwamfuta da cikin My Documents duk a ɓangaren faifan ajiyar kwamfuta da ake kira C yake zaune, wuri ɗaya da ita Windows. A wancan zamanin bairos, wato muguwar manhaja mai lalata kwamfuta, ya yi yawa, kowane filashi da mutane ke kawo fayil a ciki da irin nasa, kuma maganin da masu gyara suka fi sani shi ne a yi fomatin, wato a share C kakaf a sake zuba Windows. Don haka foldar SHAGO a ɓangaren D muka ajiye ta. Akwai wani bairos da ya addabi shagunan layinmu, wanda ke shiga da kamannin folda, launin ruwan ɗorawa da komai, alhali ƙarshen sunansa .exe ne, alamar cewa manhaja ce ba folda ba. Windows kuwa tana ɓoye wannan wutsiyar sunan sai ka shiga saiti ka ce ta nuna. Na buɗe ta a kwamfutocin biyu. Tun daga ranar, duk foldar da muka gani da .exe ba ma danna ta. Na kuma gaya masa abin da aka goge daga filashi ba ya zuwa kwandon shara kamar na cikin kwamfuta, tafiya yake yi kai tsaye, saboda haka a filashin mutane ba a goge komai sai mai shi yana tsaye.

Kawu ya saurara, sannan ya tambaya ko C da D injuna biyu ne. Na ce a'a, faifai ɗaya ne aka raba. Ya ce to idan faifan ya mutu, ko ɓarawo ya ɗauki kwamfutar, duka sun tafi ke nan. Daga nan kowane ƙarshen wata muke kwafe SHAGO a faifan CD, mai cin megabait 700, ya rubuta wata da shekara a kai da maka, ya tafi da shi gida. Ya kuma sayo dogon littafi mai baƙin bango, duk aikin da ya shigo sai an rubuta ranarsa da sunan mai shi.

Aikin da ya fi gajiyar da ni shi ne tsofaffin fayiloli. Kawu ya ce ba za a bar ko ɗaya ba. Da yamma idan ciniki ya lafa, sai in buɗe fayil, in duba kwanan watan da ke cikin takardar da sunan mai ita, in rufe, in danna F2, maɓallin canza suna, in sa masa suna, in kai shi gidansa. Wasiƙun mutane kuwa ya hana ni karanta su har ƙasa. Ya ce in duba sama in ɗauki suna da rana, sauran ba nawa ba ne. Sai wajen ƙarshen damina muka kammala.

Ranar 28 ga Nuwamba na wannan shekarar rikici ya ɓarke a Jos bayan zaɓen ƙananan hukumomi. An rasa rayuka masu yawa, an ƙona gidaje da shaguna, aka sa dokar hana fita. Ba zan tsaya a kan abin da idona ya gani ba a wannan kashin. Allah Ya tsare shagonmu, muka sake buɗewa bayan ƙura ta ɗan lafa.

Wajen ƙarshen Disamba, ana tsananin sanyin hunturu, wata dattijuwa ta shigo da mayafi biyu a jikinta. Ta gaida Kawu, ta ce gidansu ya ƙone da duk abin da ke ciki, har akwatin takardun maigidanta, wanda ya rasu tun da damina. Ta ce ta taɓa jin yana cewa a shagon nan aka buga masa takardar filin da ya saya.

Na ce, "Inna, kin tuna lokacin?"

"Ɗana, ban riƙe rana ba. Na dai san bayan Babbar Sallar bara ne, ba da daɗewa ba."

Babbar Sallar 2007 a watan Disamba ta faɗo. Na shiga Yarjejeniya, na duba 2007, wata na 12, babu sunansa. Na koma 2008, wata na 01. Yana nan, na huɗu a jeri. A da sunan wannan fayil ɗin Doc7 ne ko makamancinsa, yana cikin waɗanda na bi ɗaya bayan ɗaya da yamma.

Na fitar mata da kwafi biyu. Kawu ya karɓa ya duba, sannan ya gaya mata gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: wannan ba ita ce ta asali ba, babu sa hannun kowa a jiki, ita kaɗai ba za ta tsaya mata a matsayin hujja ba. Amma ga sunan wanda ya sayar, ga faɗi da tsawon filin, ga maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa, ga kuɗin da aka biya, ga sunayen shaidu huɗu. Ya ce ta samu babban ɗanta su je wurin mai unguwa da takardar, a nemo shaidun tun suna raye, a sake rubutawa a gabansu. Ta sa hannu a bakin zani za ta kwance kuɗi, ya ce ta bar shi. Ya buɗe baƙin littafin ya rubuta ranar da sunan marigayin.

Labari ya bazu a unguwarsu. Cikin watan Janairu mutane suka riƙa zuwa neman takardun haya, da wasiƙun neman aiki, da furojet ɗin da aka gama aka ɗaure ya ƙone. Wanda aka buga masa a wurinmu muka nemo masa. Wasu kuwa a wasu shagunan aka yi musu, suka zo ne ko Allah zai sa a dace, muka ba su haƙuri. A cikin masu zuwan nan ne na haɗu da mutumin da ya zama sanadin tafiyata Abuja, kuma daga nan za mu ɗora a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.