Yadda muke zaɓen abin gina fuskar manhaja a ɗan kamfaninmu

Mu huɗu ne a ofishinmu da ke Kano, kuma sana'armu ita ce gina manhajojin intanet ga makarantu masu zaman kansu da shagunan magani da wasu 'yan kasuwar hatsi. Kusan duk aikinmu na bayan fage da Laravel muke yinsa, wato tsarin da Taylor Otwell ya fitar a shekarar 2011 a kan harshen PHP. A wannan ɓangare babu gardama tsakaninmu, domin a kan uwar garke, wato kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta a intanet, ake ajiye bayanai, ake tantance wanda ya shiga, ake kuma yin lissafi. Inda kawunanmu ke rabuwa shi ne fuskar manhaja, abin da mai amfani yake gani yake latsawa a burauza, da kuma kayan aikin da ya kamata a gina ta da su.

A farkon shigata sana'ar na ɗauka cewa duk aikin da ba a raba shi gida biyu ba, wato fuska daban, bayan fage daban, tsohon yayi ne. Saboda haka da wata makaranta ta ba mu aikin manhajar sakamakon jarrabawa, sai muka sa Laravel ya riƙa aiko da bayanai zalla, muka gina fuskar gaba ɗayanta da Vue, wani tsarin gina fuska da harshen JavaScript wanda Evan You ya fitar a 2014. Ranar da muka nuna wa shugaban makarantar a kan kwamfutarmu abin ya ƙayatar, shafi yana sauyawa ba tare da ya sake lodi ba.

Wahalar ta bayyana ne bayan zango biyu. Makarantar ta sauya rabon maki, ta ɗaga na gwajin aji daga 30 zuwa 40, ta rage na jarrabawa daga 70 zuwa 60. Mun gyara ƙa'idar a kan uwar garke, amma muka manta cewa mun rubuta ta a karo na biyu a cikin fom ɗin da ke burauza. Ana saura kwana uku a raba sakamako wata malama ta kira ni tana cewa, "Malam, na sa wa yaro 36 amma akwatin ya yi ja, ya ƙi karɓa." Gyaran bai kai minti goma ba, sai dai ya sa na zauna na ƙirga wuraren da muke maimaita aiki: duba abin da aka shigar, jerin hanyoyin shafuka, saƙonnin kuskure, da tabbatar da cewa malamin aji ɗaya ba ya ganin makin wani aji. Kowanne muna rubuta shi sau biyu, da harsuna biyu, alhali kuɗin aiki ɗaya aka biya mu.

Akwai kuma batun waya. Yawancin malaman da ƙananan wayoyin Android suke shiga, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma kafin su ga komai sai burauza ta sauko da dukan tarin JavaScript ta karanta shi, sannan ta koma ta nemi bayanai. Na taɓa tsayawa a bayan wani malami a ɗakin malamai ina kallon farin allo a wayarsa, shi kuma yana ta jan yatsa yana zaton wayar ce ta daskare.

Abu na uku shi ne tsufan kayan aikin. Vue 3 ya fito a watan Satumba na 2020, aka kuma daina kula da Vue 2 a ranar 31 ga Disamba, 2023. Waɗanda suka yi gini da AngularJS, wani tsarin gina fuska na Google, sun sha irin wannan tun ƙarshen 2021. Babban kamfani yana iya ware mutane su yi ƙaura zuwa sabon tsari, amma babu mai makarantar da zai yarda ya biya kuɗin sake gina abin da a ganinsa yake aiki lafiya lau.

Yanzu idan sabon aiki ya zo, tambayar da nake fara yi ita ce shafi nawa ne a cikinsa suke buƙatar motsi mai yawa. Mafi yawan lokuta amsar ɗaya ce ko biyu, sauran duk fom ne da jeri da rasit. Waɗannan muna barin uwar garke ta haɗa su da Blade, wato abin tsara shafuka na Laravel, ta aiko da HTML, wato shafin kansa, a shirye, mu ƙara htmx na Carson Gross, wanda ke sauya ɓangare guda na shafi ba tare da an taɓa sauran ba. Livewire na Caleb Porzio ma yana yin makamancin haka a cikin Laravel, sai dai kusan kowane motsi sai ya je uwar garke ya dawo, abin da ke gajiyar da mutum idan sabis ya yi rauni.

Ban yi watsi da Vue ba. A manhajar makarantar da muka sake ginawa mun bar shi a shafi guda, wato teburin shigar da maki, inda malami ke cika akwatuna da dama yana ganin jimilla nan take, kuma abin da ya rubuta yana zaune a wayarsa ko da sabis ya yanke. Wannan aiki ne na burauza, kuma tilasta wa uwar garke yinsa ɓata lokaci ne.

React kuwa, wani tsarin gina fuska irin Vue wanda Facebook ya saki a 2013, yana da wata fa'ida da ba ta shafi fasaha ba: yawancin matasan da ke zuwa neman aiki wurina shi suka koya. Idan abokin ciniki ya ce lallai zai buƙaci manhajar waya daga baya, ko kuma yana da ma'aikatan da za su gaji aikin, nakan yarda a raba gida biyu a yi da React, amma nakan faɗa masa tun kafin a sa hannu cewa kuɗin kulawa na shekara zai ƙaru. A watan jiya wani mai shagon magani ya ji wannan bayani, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko rasit zai fito da sauri a tsohuwar kwamfutar da ke kan kantarsa. Da Blade da htmx muka yi masa.